Lissafi a Bakin Kibiya: Yadda Ake Tsara Saƙar Kayan Sanyin Jarirai

Gabatarwa

Garin Illela yana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, 'yan kilomitoci kaɗan daga Birnin Ƙwanni. An fi sanin wannan yanki da tsananin zafi, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu sai al'amari ya juya. Iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara. Da yake babu gajimare ko laima a sama da za su tare zafin da ƙasa ta sha da rana, dare na yi sai zafin ya tsere. A waɗansu dararen Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba.

A irin wannan lokaci ne cinikin kayan sanyin yara ke tashi. Ranar Lahadi, wato ranar kasuwar Illela, akan ga huluna da safa da rigunan sanyi na jarirai, waɗansu na kanti, waɗansu na gwanjo, waɗansu kuwa mata ne suka saƙa su a gida da kibiya ko kwarashi ko keken saƙa. Yawancin masu saƙar gida da ka suka koyi sana'ar. An gaya musu adadin da za su ɗora a kibiya, sun haddace shi, kuma da shi suke aiki. Matsalar ita ce, ranar da zare ya sauya, ko kibiya ta sauya, ko aka kawo yaron da girmansa ya bambanta, sai wannan adadi ya daina aiki. Sai a ga hula ta rufto wa jariri ido, ko wuyan riga ya ƙi shiga kansa.

Wannan darasi zai nuna cewa mai saƙa tana iya tsara nata fasalin da kanta, ga kowane yaro da kowane irin zare, muddin ta iya awo da ninkawa da rabawa. Lissafin da ake bukata bai wuce wanda ake koyarwa a ƙaramar sakandare ba. Amma kafin a kai ga lissafin, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa hular jariri ta wuce a ɗauke ta kayan ado kawai.

Dalilin da Ya Sa Jariri Ya Fi Babba Jin Sanyi

Zafin jiki ta fata yake fita. Saboda haka abin dubawa shi ne yawan fatar da ke waje idan aka gwada ta da girman jiki. Malami yana iya nuna wannan a aji da ƙwayar sukari. Ƙwaya ɗaya tana da fuska 6, dukansu a waje. Idan aka jera ƙwaya 8 aka yi dunƙule mai tsawo biyu, faɗi biyu, tudu biyu, fuskokin da ke waje 24 ne, wato fuska 3 ga kowace ƙwaya. Idan aka jera ƙwaya 27, uku ta kowane gefe, fuskokin waje 54 ne, wato 2 kacal ga kowace ƙwaya. Ke nan gwargwadon ƙanƙantar abu, gwargwadon yawan bayansa da ke fuskantar iska. Haka jikin ɗan Adam yake. Idan aka gwada faɗin fata da nauyin jiki, na jariri ya ninka na babban mutum sau biyu zuwa uku. Bugu da ƙari, kan jariri ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, alhali na babba bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Barin kansa a buɗe daidai yake da barin babban sashe na jikinsa a waje.

Sannan kuma sabon jariri ba ya makyarkyata kamar yadda babba ke yi don ya samar wa jikinsa ɗumi. Abin da yake dogara da shi wani irin kitse ne mai launin ƙasa-ƙasa da ke tsakanin kafaɗunsa da wuyansa da kewayen ƙodarsa. Ƙona wannan kitse yana cin sukarin jini da iskar oksijin. Jaririn da ya kwana yana yaƙi da sanyi, abincin da ya kamata ya gina jikinsa ne yake ƙonawa. Bakwaini, da duk jaririn da aka haifa da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba, su ne suka fi shiga haɗari, domin kitsen nasu kaɗan ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar a 1997 game da kare ɗumin jarirai, ta bayyana cewa zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Duk abin da ya gaza 36.5 sanyi ya fara kama shi, ƙasa da 32 kuwa hali ne mai tsanani. Hanyoyin da zafi ke barin jikinsa huɗu ne: bushewar ruwa ko gumi a kan fata, taɓa abu mai sanyi, kaɗawar iska, da kuma fitar zafi zuwa bango ko rufin da ya yi sanyi ko da jikin bai taɓa shi ba. Tufa mai kyau tana rage dukansu.

Abin da Ke Riƙe Ɗumi a Cikin Saƙa

Tufa ba ta haifar da zafi. Aikinta shi ne ta hana zafin da jiki ya samar gudu. Abin da ke yin wannan aiki kuwa iskar da ta maƙale tsakanin silin zare ce, domin iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi sosai. Ruwa ya fi ta saurin ɗauke zafi fiye da sau ashirin. Daga nan za a fahimci abubuwa uku. Saƙar da ta yi sako-sako da yawa iskar hunturu za ta ratsa ta. Wadda aka matse ta yi tauri babu gurbin iska a cikinta. Wadda ta jiƙe da fitsari ko tumbuɗi kuwa gara a cire ta nan take.

Zaren da ake samu iri uku ne. Na farko shi ne ulu na asali, wanda ake samu daga gashin waɗansu tumaki. Yana da ɗumi, yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba, kuma wuta ba ta saurin cin sa. Sai dai tumakin da ake hada-hadarsu a kasuwar dabbobi ta Illela, irin su Uda da Balami, gashinsu gajere ne mai kauri wanda ba ya kaɗuwa. Saboda haka ulu na asali baƙo ne a wannan yanki, ga tsada, kuma wani yakan yi wa fatar jariri ƙaiƙayi. Na biyu shi ne auduga, wadda ƙasar Hausa ta daɗe tana nomawa da kaɗawa. Tana da laushi, tana jure wanki, amma ba ta kai ulu ɗumi ba, kuma idan ta jiƙe takan daɗe ba ta bushe ba. Na uku shi ne zaren akirilik, wanda ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara fito da shi kasuwa a 1950. Mafi yawan abin da ake kira ulu a kasuwannin arewa wannan ne. Yana da araha, ba ya da nauyi, yana saurin bushewa, amma ba ya shan gumi, kuma idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata.

Ido da Layi

Kalmar saƙa a Hausa ta haɗa ayyuka biyu da gininsu ya bambanta. A masaƙa, zaren tsaye da zaren kwance ne ke ratsa juna, shi ya sa sawaye ko saƙi ba sa miƙewa in an ja su. A saƙar kibiya kuwa zare guda ne ake lanƙwasawa ya zama ƙananan zobba, kowane zobe ya sarƙe cikin na ƙasansa. In an ja sai zobban su buɗe, in an saki su koma. Wannan miƙewa ce ta sa saƙar kibiya ta dace da kai da ƙafa. Tsofaffin kayan da aka tono na irin wannan saƙa safa ce ta auduga, fari da shuɗi, a ƙasar Masar, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 13. A 1589 ne wani mutumin Ingila mai suna William Lee ya ƙera na'urar saƙar safa, wadda ita ce kakar keken saƙa na yau.

A cikin wannan darasi za a kira kowane zobe ido, kamar yadda ake cewa idon raga. Jerin idanu daga gefe zuwa gefe kuma layi ke nan. Faɗin tufa yawan idanu ne, tsawonta kuwa yawan layuka. Dukan aikin mai tsara saƙa shi ne ta mayar da santimita zuwa ido da layi.

Mataki na Farko: Awon Yaro

Don hula, a zagaya tef a kan goshi, sama da kunnuwa, ta inda ƙeya ta fi tudu. Sannan a auna daga ƙasan kunne ɗaya, a bi ta tsakar ka zuwa ƙasan ɗaya kunnen, a raba biyu. Wannan shi ne zurfin hula. Don riga, a auna kewayen ƙirji ta ƙarƙashin hamata, tsawo daga kafaɗa zuwa ƙugu, tsawon hannu daga hamata, da kewayen wuyan hannu da na damtse.

Idan kafin haihuwa ake saƙar, ana iya dogara da ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Matsakaicin kewayen kai kamar haka yake:

Ranar haihuwa: santimita 34 zuwa 35
Wata 3: kimanin santimita 40
Wata 6: santimita 42 zuwa 43
Shekara 1: santimita 45 zuwa 46
Shekara 2: santimita 47 zuwa 48

A lura cewa a cikin wata ukun farko kai yana ƙaruwa da kusan santimita 6, alhali a dukan shekara ta biyu kimanin 2 kawai yake ƙarawa. Ma'ana, jaririn da aka haifa a Nuwamba, hular da aka sa masa ranar suna ba za ta kai shi Fabrairu ba. Hula biyu yake bukata a hunturu ɗaya.

Akwai wani abin kiyayewa da ya shafi garin kan iyaka. Telolin Nijeriya da inci suka saba, na Nijar kuwa da santimita, kuma tef ɗaya yakan zo da duka biyun, gaba da baya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan mai saye daga Ƙwanni ta aiko da awo, lalle ne a tabbatar da wane gefen tef ta karanta. Kuma duk gefen da aka fara da shi, a ƙare lissafin da shi.

Mataki na Biyu: Ƙyallen Gwaji

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a fara tufa, sai a saƙa ɗan ƙyalle mai kimanin santimita 15 tsawo da faɗi, da ainihin zaren da kibiyar da za a yi aikin da su. A wanke shi kamar yadda za a riƙa wanke rigar, a shanya shi a kwance ya bushe. Sannan a shimfiɗa shi ba tare da ja ba, a ɗora rula a tsakiyarsa, a ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10, kuma layi nawa ne a cikin santimita 10. Ba a aunawa daga gefe, domin idanun gefe sukan karkace.

A ɗauka an sami ido 22 da layi 30. Ke nan kowace santimita tana ɗauke da ido 2.2 da layi 3. Waɗannan lambobi biyu su ne mabuɗin dukan abin da zai biyo baya.

Masu saƙa da yawa suna ganin wannan mataki ɓarnar zare ne da lokaci. To, ga abin da tsallake shi ke jawowa. A ce mata uku sun ɗora ido 72 kowaccensu. Ta farko tana samun ido 22 a santimita 10, hularta za ta fito da kewayen santimita 33 saura kaɗan. Ta biyu zarenta ya fi kauri, ko hannunta ya fi sakewa, tana samun ido 18, tata za ta kai santimita 40, wadda za ta zamo wa sabon jariri har hanci. Ta uku tana samun ido 26, tata ba za ta cika santimita 28 ba, ba ma za ta shiga ba. Adadi ɗaya suka ɗora, amma sun sami hula iri uku.

Mataki na Uku: Lissafin Hula

A ɗauki jariri mai kewayen kai santimita 35 da zurfin hula santimita 13. Da yake saƙa tana miƙewa, hula takan zauna daidai ne idan ta gaza kai da kimanin kashi 10 cikin 100. Saboda haka kewayen da ake nema kimanin santimita 32 ne. A ninka 32 da 2.2, a sami 70.4.

Babu wanda zai ɗora ido 70.4, dole a zaɓi cikakkiyar lamba da ke kusa. A nan ne tunanin mai tsarawa ke shigowa. Bakin hula akan yi shi da saƙa mai kama jiki, wato ido biyu ta gaba, ido biyu ta baya, wadda ke bukatar adadin da 4 ke rabawa. Tsakar hula kuma za a kasa ta gida 8 wajen ragewa, don haka ana bukatar adadin da 8 ke rabawa. Lamba mafi kusa da ta cika sharuɗɗan biyu ita ce 72. Idan da kibiya biyu ake aiki, yadda za a ɗinke hular ta baya, sai a ƙara ido 2 don ɗinki, su zama 74.

Sai batun ragewa. Ido 72 a gida 8, kowane gida ya sami 9. A layin ragewa, sai a haɗe ido biyu na ƙarshen kowane gida su zama ɗaya, wato an rage 8. Layin da ke biye a saƙa shi ba ragi. Adadin zai riƙa sauka kamar haka: 72, 64, 56, 48, 40, 32, 24, 16, 8. An yi ragi sau 8 ke nan a cikin layi 16, wanda ya yi daidai da santimita 5 da 'yan kai. Ido 8 da suka saura sai a zura musu zare a tsuke. Tun da zurfin hula 13 ne, kuma tsakarta ta ci 5, saura 8. A ninka 8 da 3, a sami layi 24 da za a saƙa miƙe kafin a fara ragi, 8 na farko daga cikinsu su zama baki.

Da wannan an sami cikakken tsarin hula wanda ba a kwafo shi daga kowa ba.

Lissafin Riga

Riga akasin hula ce, ita ƙara mata ake yi, don a bar gurbin iska da na 'yar shimi ta ciki. A ce an auna ƙirjin yaro ɗan wata shida an sami santimita 44. A ƙara 6, ya zama 50. A ninka da 2.2, a sami ido 110, wato 55 baya, 55 gaba.

Hannun riga shi ne ya fi ba masu koyo wahala, domin yana faɗaɗa daga wuyan hannu zuwa damtse. A ce ana son ido 32 a wuyan hannu, ido 48 a sama, kuma tsawon hannun bayan baki santimita 16 ne, wato layi 48. Bambancin 48 da 32 shi ne 16. Kowane ƙari ido biyu ne, ɗaya a kowane gefe, don haka sau 8 za a ƙara. A raba layi 48 gida 8, a sami 6. Ke nan a kowane layi na shida sai a ƙara ido ɗaya dama, ɗaya hagu.

Wuyan riga kuwa da kan yaro ake auna shi, ba da wuyansa ba. Wannan yaro mai ƙirjin santimita 44, kansa ya kusa 43. Ramin da ya yi wa wuyansa daidai ba zai wuce kansa ba, wanda ya wuce kansa a sake kuma zai bar ƙirji a buɗe. Mafita ita ce a tsaga kafaɗa ɗaya ko a buɗe gaban rigar, a sa abin rufewa.

Ado na Gida

Mai tsara saƙa ba ta bukatar ta tsaya ga hotunan littattafan waje. Dagi, da aska, da tambari, da zanen da ke jikin ƙwarya da faifai da bangon soro, duk ana iya mayar da su saƙa. Ana zana adon ne a takarda mai gida-gida, kowane gida ya tsaya a madadin ido ɗaya. Amma akwai sharuɗɗa biyu.

Na farko, ido ya fi faɗi bisa tsawo. A gwajin da ya gabata, faɗin ido ɗaya santimita 0.45 ne, tsawonsa 0.33. Idan aka zana dagi a gida 10 tsaye da 10 kwance a littafin lissafi na makaranta, a saƙa zai fito da faɗin santimita 4.5 da tsawon 3.3, kamar an danne shi. Wanda ke son ado mai santimita 5 ta kowane gefe, sai ya ba shi ido 11 da layi 15. Kuma da yake saƙa mai launi biyu takan fi matsewa, ya kamata a saƙa adon a cikin ƙyallen gwaji tun farko.

Na biyu, adon da zai zagaye hula dole faɗinsa ya raba adadin idanun ba saura, in ba haka ba sai ya yanke a tsakiya ta baya. Lambobin da ke raba 72 sun haɗa da 2, 3, 4, 6, 8, 9, 12, 18, 24 da 36. Ado mai ido 12 zai maimaitu sau 6. Mai ido 10 kuwa ba zai shiga ba. Idan aka nace sai shi, sai a nemi lambar da 8 da 10 duk ke rabawa, wato 40 ko 80, kuma ido 80 zai ba da santimita 36, wadda ta yi wa wannan jariri yawa. Gara a gyara zanen ya koma 9 ko 12. Wannan dalili ne ya sa katin ado mai huji na yawancin kekunan saƙa aka yi shi da faɗin ido 24, domin lamba ce mai yawan masu raba ta.

Zare Nawa Za a Saya

Ƙyallen gwaji yana da wani amfanin kuma. A ɗora shi a ƙaramin sikeli. A ce mai santimita 15 sau 15, wato murabba'in santimita 225, ya yi giram 9. Kowane murabba'i ya ci giram 0.04 ke nan. Jikin rigar da aka lissafa, faɗi 50 da tsawo 26, murabba'i 1,300 ne. Hannuwa biyu, kowanne da matsakaicin faɗi 18 da tsawo 16, sun ba da 576. Jimla 1,876, wato kimanin giram 75. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɗinki da baki, ya zama 83. Idan ƙullin zare giram 50 ne, biyu sun isa.

Wajibi ne a sayi dukan zaren a lokaci ɗaya, domin launi ɗaya yakan bambanta daga wannan rini zuwa wancan. Mutanen Illela ba sa bukatar a gaya musu cewa hajar da ke kasuwa yau tana iya ɓacewa gobe. An rufe iyakar garin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wadda ta iya lissafi, ko wane zare ta samu za ta yi sabon gwaji ta ci gaba da aiki.

Kiyaye Lafiyar Yaro

Tsarin da ya yi kyau a ido amma ya jefa yaro cikin haɗari ba tsari ba ne. Kada a sa igiya ko zariya a wuyan riga ko hula, domin tana iya shaƙe yaro. Maɓalli da duwatsun ado da ƙananan tuntaye, yaron da bai kai shekara uku ba yana iya tsinke su ya haɗiye. In za a sa maɓalli, ya zama babba, a ɗinke shi da ƙarfi, a riƙa duba shi bayan wanki. A saƙa mai launi biyu, kada zaren da ke ratsawa ta ciki ya tsallake fiye da ido huɗu ko biyar ba a kama shi ba. Cikin safa kuwa a bar shi sumul, domin silin zare yana iya naɗe yatsan jariri ya tare jini ba a ankara ba.

A ɗakin mai jego, inda akan ajiye kaskon wuta da hunturu, a nisanta kayan akirilik daga garwashi, kuma kada a rufe ɗakin ruf da gawayi a ciki, saboda iska mai guba da yake fitarwa wadda ba ta da wari. Zafi fiye da kima shi ma illa ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa wa jariri tufa ɗaya ko biyu fiye da abin da babba ya sa a wannan ɗaki, tare da hula. Idan rana ta ɗaga, ko ɗakin ya yi ɗumi har ƙeyarsa ta fara gumi, a rage kayan, a cire hular, musamman in zai yi barci. Hanya mai sauƙi ta dubawa ita ce a taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannu. In duka biyun da ɗumi, lafiya lau. In ƙafa ta yi sanyi ciki da ɗumi, a ƙara rufa shi. In duka sun yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, a rufe su tare, a nufi asibiti.

Wannan mannawa a ƙirji dabara ce da likitoci suka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 don ceton bakwaini, kuma yanzu an amince da ita a duniya. Jaririn da aka goya haka, hula da safa da ƙyallen ɗaura masa kawai yake bukata. Sai dai kan bakwaini yakan gaza santimita 32, kuma da wuya a sami hular kanti da ta yi masa daidai. A nan ne aikin mai saƙar da ta iya awo ya fi amfani.

Kammalawa

Matakan dai su ne: a auna yaro, a saƙa ƙyallen gwaji, a ninka awo da adadin ido da layi, a daidaita lambar da ado da ragi, sannan a duba lafiyar yaro a kowane sashe na tsarin. Abin da ya saura shi ne a rubuta. A tanadi littafi, a rubuta irin zare, kaurin kibiya, sakamakon gwaji, awon yaro, da matakan aiki layi-layi, a maƙala ɗan guntun zaren a shafin. Tsarin da aka rubuta shi ne wata za ta iya bi ta sami abin da aka samu, kuma shi ne mai shi za ta iya gyarawa baɗi idan yaron ya girma.

Aiki ga Ɗalibai

1. Gwaji ya ba da ido 20 da layi 28 a santimita 10. Kewayen kan yaro santimita 40 ne. Ido nawa za a ɗora don hula mai gida 8?
2. Hannun riga zai tashi daga ido 36 zuwa 56 a cikin layi 60. A kowane layi na nawa za a yi ƙari?
3. Da gwajin tambaya ta farko, ido nawa da layi nawa ado mai santimita 5 ta kowane gefe zai ci?
4. A cika kwalba uku masu girma ɗaya da ruwan ɗumi. A bar ɗaya tsirara, a sa wa ta biyu busasshiyar safa, ta uku jiƙaƙƙiyar safa. A ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa auna zafin ruwan da ma'auni kowane minti 10 har awa ɗaya. A zana sakamakon, a bayyana abin da ya nuna game da jaririn da kayansa suka jiƙe.

Ga malamai: tambaya ta 1 zuwa ta 3 sun dace da darasin lissafi, ta 4 da darasin kimiyya. Inda makaranta ke da malamar tattalin gida, yana da kyau a haɗa azuzuwan, kowane rukunin ɗalibai ya lissafa hula, a saƙa ta, sannan a auna a ga ko ta fito yadda lissafi ya ce.